Neman Maganin Ɗan Tsohuwa

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A bakin rijiya, "Rabi, yaya Najeriya?" A gidan suna, "Rabi, da gaske ne an ce aljana ce?" Har wadda ba ta taɓa sayen ƙuli-ƙulina ba yanzu ta san hanyar gidana, ta zo sayen mai da kwalba a hannu, kunne a buɗe. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wadda ta zo a makare ta tambayi ta kusa da ita.

Kun san yaron, ɗan farina, wanda ake ce wa Ɗan Tsohuwa. Kun kuma san al'adarmu: mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta jan shi da hira, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi aka kai wa Innata a Sassumbrum. A hannunta ya tashi, ita ta sa shi lakwal, karatun boko, har ya shiga kolej. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙanena Ilu yana faɗa. In ina son ya miƙo mini abu sai in ce "kai", ko in aiki ƙanwarsa ta faɗa masa. Shekara goma sha biyar muna haka, ba wanda ya ga aibu. Yabona ma ake yi, ana cewa Rabi akwai kunya.

Da daminar bara Inna ta rasu, Allah ya ji ƙanta, aka dawo mini da shi nan ƙauyenmu na gefen Yekuwa. Da fari shiru ne kawai, aka ce maraici ne, zai wuce. Bai wuce ba. Ya bar ƙwallo, ya bar abokai, tuwo sai ya taɓa ya ture. Yaron da mushensu, malamin ajinsu, ke yabon kansa ya daina zuwa lakwal, ya wuni kwance fuska a bango. Nan fa likitocin gari suka fito. Maigidan yana ci-rani a Aljeriya, ya aiko vokal, saƙon murya, a waya: lalaci ne, a ba shi hauya. Wata ta ce sammu, wata ta ce iska. Ke Hajo maƙwabciyata, kada ki sunkuyar da kai, ke kika ce ƙwaya yake sha.

Ni duk ina ji, ina tuya, ina yi kamar ba ɗana ba, don haka aka koya mana. Sai wata rana da hantsi na tafi neman akuyata bayan gari, na tarar da shi zaune a bakin tsohuwar rijiyar nan da aka daina ja, ƙafafunsa a ciki, yana kallon ƙasa. Na ce, "Kai, taso." Ya taso. Da yamma ƙanwarsa ta gaya mini ta ji shi yana cewa da ma shi ya tafi, ba Inna ba. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na tabbata in na tsaya jiran ya wuce, yaron nan zan rasa. Na aika a kira mini Ilu.

Ilu kun san shi, bai taɓa rasa sanin wani da ya san wani ba. Ya ce akwai malami a Dungas, ruƙiyya ɗaya aljani ke tattara kayansa. Na kama zabuwa mai ƙiba don gaisuwar malam, na ɗaure mata ƙafa, muka hau amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota zuwa Magarya. A Magarya muka bi ta ƙofar babbar likita, inda ake kwantar da marasa lafiya. Ku riƙe wannan: ta ƙofarta muka bi. Har na tsaya na sayi awara a bakinta, na yaba yajin, muka yi gaba.

Motar Dungas irin wadda ake cikawa har sai ƙofa ta ƙi rufuwa ce, sannan a ƙara mutum biyu. Aka matse ni tsakanin buhun wake da wata dattijuwa mai goro, zabuwa a cinyata. Ba mu yi nisa ba muka kafe a rairayi. Maza suka fita turi, yaron yana zaune yana kallon tafin hannunsa. Wani tsoho mai rawani ya leƙo ya ce, "Wannan gansamemen ɗan waye? Yaran zamani, a ci a kwanta!" Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina ni ina kare ɗan fari a gaban jama'a? Na kau da kai ina gyara wa zabuwa igiya.

Malamin Dungas dattijo ne mai sanyin magana, almajiransa manya, gidansa fes. Ya tambayi sunan yaron, na dubi Ilu, Ilu ya faɗa. Ya yi karatu a kansa mai tsawo, ya tofa, ya ba shi ruwa ya sha. Ni ina jira in ji wata murya ta fito ta ce daga tsamiya kaza take. Shiru. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ni ban ga iska a jikin yaron nan ba. Baƙin ciki na gani. Addu'a za mu ci gaba da yi, amma ku kai shi likita, Allah da ya saukar da cuta ya saukar da masu saninta." Ya ƙi karɓar zabuwar ma, ya ce a dafa wa yaron.

Da muka fito Ilu ya tsuke baki. Ya ce, "Yaya, malamin nan tsufa ya kama shi. Aljanin ya fi ƙarfinsa ne, kunyar faɗa yake." Ni kuma, gaskiya, ban so a ce na yi wannan doguwar tafiya don a gaya mini ɗana yana baƙin ciki ba. Wannan ai ko akuyata ta sani. Muka kwana gidan wata ƙawar matar Ilu, mutanen kirki, sai dai furarsu tsami gare ta kamar an yi mata gori, kuma suna zuba mata sukari, abin da a gidanmu sai marar lafiya. Da safe Ilu ya zo da sabon labari: akwai wani mai magani a ƙetaren iyaka, har daga birni ake zuwa masa da manyan motoci.

Kabu-kabu biyu muka ɗauka, Ilu da yaron a ɗaya, ni da zabuwa a ɗaya. A bariyar kan iyaka jandarma ya karɓi kart ɗina na shaida ya juya shi, ya nuna yaron da haɓa.

"Wannan fa?"

Na ce, "Tare muke."

"Na ga tare kuke. Ɗanki ne?"

Mutum ya tambaye ki a gaban maza cike da rumfa ko ɗan farinki ɗanki ne! Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Sunansa?"

Na ce, "Ga shi nan, tambaye shi."

Ya tambaye shi, yaron ya dube shi kamar bango. Jandarman nan ya miƙe tsaye, ya gyara bel ɗin ƙugunsa. Mace da yaro, ba ta san sunansa ba, yaron ba ya magana, za a ƙetare da shi. Ai ko ni ce jandarman abin da zan zata ke nan. Ya ce mu koma gefe. Ilu da ya tsaya gardamar kuɗin man esansi da ɗan kabu-kabu ya rugo yana rantsuwa, ya zaro takardar haihuwa, ya ce ɗan fari ne, yallaɓai, kunya ce. Sai rumfar ta fashe da dariya, har jandarman, ya ce shi ma uwarsa har yau "wancan" take ce masa, duk da galar da ke kafaɗarsa. Ana cikin haka igiya ta kwance, zabuwata ta yi fir, ta tsallake bariya ta shige Najeriya. Ita kaɗai ce a cikinmu ta ƙetare ba a tambaye ta ko takarda ɗaya ba, kuma ba mu sake ganinta ba.

Can ƙetare Hausa ɗaya muke yi, amma sai kin kasa kunne. Lakwal a wurinsu makaranta ce, likita kuwa mutum ne, gidan asibiti suke cewa. Kowace mace Hajiya ce, ni da ko Damagaram sau biyu na taɓa zuwa na wuni ina Hajiya. In kin ce dala sai su yi murmushi su ce "'yan Faransa ne". Shayinsu a kofi kamar ƙwarya, madara har ya yi fari, ga burodi mai zaƙi kamar alkaki. Na saya wa yaron, na ba Ilu ya miƙa masa. Ya kurɓa sau biyu ya ajiye.

Mai maganin da lasifika yake aiki. Tun daga nesa kina jin jerin abin da yake warkarwa: basir, shawara, sanyin ƙashi, aljani, rashin kasuwa, faɗuwa jarrabawa. Duk kuma daga jarka ɗaya ake zubawa, da idona na gani. Shi ma ya tambayi suna, Ilu ya faɗa. Bai ko taɓa yaron ba ya ce aljana ce ta aure shi, farar aljana mai kishi, ita ta hana shi cin abincin kowa. Ya rufe mu a wani ɗaki ya zuba garin magani a garwashi. Hayaƙin nan, jama'a, barkono ne da wani abu kamar tsohon takalmi. Yaron ya zauna ƙyam, ido na zubar ruwa, bai ko motsa ba. Ni ce na turnuƙe, na kama tari, na faɗi ina dukan ƙofa ina ihu a buɗe. Sai mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Allahu akbar! Ta bar yaron ta koma jikin uwar!" Ya ce ni ma sai an yi mini aiki, kuma nawa ya fi tsada.

Na ce masa aljanar ta gode, za ta tafi da ni gida haka nan. Na ja mayafina. Ilu yana bina yana cewa, "Yaya, ki bari a ƙarasa, kin ga fa alama ta fito." Na ce, "Ilu, in ka sake cewa alama, a nan zan nuna maka aljana."

Muka juyo ta hanyar Magarya, jarkar magani a hannun Ilu don ya ce ba a bar abin da aka biya. A motar nan na saci kallon yaron, wuyansa ya zama kamar na mariƙin lema, na ji zuciyata ta karye. Na zagaya ƙasa biyu, na ɓatar da jarina da zabuwata, ga shi ina mayar da shi yadda na ɗauko shi, ga rijiya tana nan inda na bar ta.

A tashar Magarya Ilu ya tafi gyaran wayarsa. Muna tsaye a rana, sai kawai yaron ya sulale ya faɗi. Kafin in gama salati 'yan kabu-kabu sun ɗauke shi, ina biye ba takalmi ɗaya. Ina suka kai shi? Ƙofar nan da na sayi awara. Mai awarar ma ta gane ni, ta ce, "A'a, baƙuwa, an dawo?"

Aka sa masa ruwa a jijiya, majo mai duba marasa lafiya ya ce yunwa ce da rana. Amma da ya ji yadda abin ya faro sai ya ce mu kwana, da safe mu ga wata madam da ke duba masu ciwon tunani. Na ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne." Ya ce, "Wa ya ce hauka? Ki dai je."

A bencin ƙofar madam na ga abin da ban zata ba. Na ɗauka zan tarar da masu tsumma da sarƙa, sai ga yara tsaf-tsaf da iyayensu. Wata mata daga wajen Dungas da 'yarta budurwa: in kompozisiyo, wato jarrabawa, ta matso a lakwal sai gabanta ya yi ta faɗuwa, numfashi na sarƙewa, har amai. Su ma an ce musu iska ce, sun sha hayaƙi, muka gaisa kamar 'yan gari ɗaya. Ga wani bawan Allah da ɗan ƙaramin yaronsa wanda bai san zama ba: ya hau benci, ya sauka, ya buɗe jakata, ya leƙa kunnen wani tsoho. Uban ya ce ya karya tsumagiya a kansa ba adadi, sai nan aka gaya masa ba rashin ji ba ne, haka kan yaron yake, dabara ake yi masa ba duka ba. Na ce ikon Allah, ni nawa ba ya motsi, shi nasa ba ya tsayawa, ga mu a benci ɗaya.

Madam ɗin ba ta fi ƙanwata ba, da ɗan kwalinta da farar riga. Ta ce, "Inna, sunansa?"

Na ce, "Ɗan Tsohuwa."

Ta ajiye biro ta yi murmushi. "Ɗan fari ne ke nan. Ni ma 'yar fari ce." Ba ta matsa mini ba. Ta juya gare shi ta tambaye shi a hankali, ya faɗa can ƙasa-ƙasa. Ta tambaye ni cinsa, barcinsa, yaushe ya fara. Na gaya mata har zancen rijiya, wanda ko Ilu ban gaya wa ba. Sai ta ce in ba su wuri. Na zauna a waje ina jin muryarta, shiru, muryarta, shiru. Can sai na ji wata murya ta biyu tana ta zuba. Wata da watanni ban ji yaron nan ya haɗa magana uku ba.

Da ta kira ni, shi ta tura shi waje. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane, yana kama yara da matasa yadda yake kama manya, sai dai a yara an fi kiransa lalaci ko taurin kai. Ta ce ana warkewa. Ta ce zancen rijiya ba wasa ba ne, kada a bar shi shi kaɗai, a rufe bakinta, kuma in ya sake irin maganar nan mu zo ko ba ranarmu ba ce. Za ta riƙa ganinsa suna magana, in abin bai sassauta ba akwai magani, akwai babbar likita a Damagaram.

Na miƙa hannu ina jiran ordinans, takardar magani. Na ce, "Allura fa?"

Ta ce, "Babu allura yau. Aikin gida zan ba ki. Ya yarda in gaya miki abin da ya ce. Ya ce tun da kakarsa ta rasu ba wanda ya zauna ya tambaye shi yaya yake. Ya ce ke ba ki son ganinsa, nauyi ne shi a gidanki."

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen mai. Na ce, "Ni? Ni da na sha hayaƙin takalmi saboda shi? Madam, kunya ce, kin sani, kowa ya sani!"

Ta ce, "Na sani. Kowa ya sani, ban da shi. Al'adar nan da ta hana ki kiransa, ita ta ba shi kaka mai kiransa. To kakar ta tafi. Wa ya gaji aikin? Ban ce ki yi shela a kasuwa ba. Ki zauna da shi, ki kira shi, ki tambaye shi, ki saurara."

Kun ji maganin da na ƙetare iyaka nema. Da a jarka ta ba ni shi, ko ɗaci ne da shi kamar maɗaci, da na fi murna.

A bakin hanyar Yekuwa muka sami amalanken da zai shigo da mu. Na ce wa Ilu ya hau kabu-kabu ya yi gaba ya ce a ɗora tukunya. Mai amalanken yana can gaba yana faɗa da sansa. Ni da yaron muna baya, ƙafafu na lilo, kowa na kallon gonakin da aka girbe. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na yi gyaran murya. Na ce zafi ake yi. Ya ce, "Mm." Muka wuce wata rijiya, mata na ja, na ga ya bi ta da ido. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Lawali."

Bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo, kallona ya yi kamar baƙuwa. Ya ce, "Ashe kin san shi, Yaya?"

Na ce, "Ja'iri, ina kwance a ɗaki na ji an raɗa maka shi." Dariya na so in yi, kuka ya riga ta. Na ce, "Inna fa uwata ce. Ni ma kullum sai na tuna ta." Ya kifa kansa a gwiwa ya yi ta kuka, irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Ya gaya mini yadda take ajiye masa ƙanzo, yadda ta kira shi da safen ranar da ta rasu ya ce sai ya dawo daga lakwal. Na dafa bayansa. Mai amalanken, Allah ya yi masa albarka, bai waiwayo ba har muka shigo gari.

Kada ku ce na ce ya warke. Muna komawa wurin madam, wata rana da sauƙi, wata rana fuska a bango. An rufe tsohuwar rijiya da itace da ƙaya. Yana cin rabin kwano, ya fara leƙa lakwal. Jarkar Ilu kuwa na zuba wa gwaza, gwazan ya mutu.

Na kuma ji abin da ake faɗa, cewa Rabi ta je Najeriya ta sayar da kunyarta, an ji ta tana kama sunan ɗan fari har ta katanga. Hajo, ba sai kin tsaya a katanga ba yau, ga ki a tsakar gida. Ku matsa mini in sauke tukunyar nan, tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

Lawali! Taso ka ci da zafinsa.